Waƙa a Bakin Mai Ita: Mitski da Tarihin 'Yan Ruwa Biyu na Japan

 

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu leƙa Japan da Amurka, kuma za mu taɓo wani irin kiɗa da na san yawancinmu ba ma sauraro, wato kiɗan rok na jita da ganguna. Kada hakan ya sa kowa ya wuce bai karanta ba. Tarihi ne ya kawo ni, tarihin wasu mutane da aka shafe kusan shekara 400 ana raɗa musu suna, ana ba da labarinsu, har ana yin kuka a madadinsu, su kuwa da wuya a ji muryarsu. Mutanen su ne waɗanda Bahaushe ke kira 'yan ruwa biyu: ɗaya daga cikin iyayensu ɗan Japan ne, ɗayan kuma baƙo.

A ranar 17 ga Yunin 2016 wata mawaƙiya 'yar shekara 25 mai suna Mitski Miyawaki ta fitar da kundin waƙoƙi mai suna Puberty 2. Waƙoƙi 11 ne, duka-duka rabin awa da ɗan ɗoriya. Mutum biyu ne suka yi aikin cikin mako biyu, ita da abokin aikinta Patrick Hyland, kuma su suka kaɗa kayan kiɗan da hannunsu. Mahaifiyarta Bajapaniya ce, mahaifinta Ba'amurke farar fata. A cikin kundin akwai waƙar da ta fi saura tashe, Your Best American Girl, labarin budurwar da ke son wani saurayi Ba'amurke gaba da baya, alhali ta san irin tarbiyyar da uwarta ta yi mata ba za ta kwanta wa uwarsa a rai ba. Ƙaramin zance ne in ka dube shi sama-sama. Sai ka san abin da ya gabace shi za ka gane nauyinsa.

WASIƘAR DA WANI YA RUBUTA MATA

Turawan Fotugal sun fara sauka a Japan a 1543, a tsibirin Tanegashima, daga baya suka mayar da Nagasaki tashar cinikinsu. 'Yan kasuwar Holan da na Ingila suka biyo sahu, suka zauna a Hirado. Duk inda fatake suka daɗe kuwa, aure da haihuwa na biyo baya. A shekarun 1630 gwamnatin gidan Tokugawa, wadda ke tsoron yaɗuwar addinin Kirista da tasirin Turawa, ta shiga rufe ƙofofin ƙasar. A 1636 aka tasa ƙeyar 'ya'yan Turawan Fotugal da iyayensu mata, mutum 287, zuwa Macau. A 1639 aka kori wasu zuwa Batavia, birnin da yau ake kira Jakarta a Indonesiya.

Cikin waɗanda aka kora a karo na biyu akwai wata yarinya mai suna Oharu, 'yar kimanin shekara 14, wadda mahaifinta Ba'italiye ne. Japanawa sun san ta ne ta hanyar wata wasiƙa mai ban tausayi da aka ce ta aiko daga Batavia, cike da begen gida da hawaye. Wani malamin Nagasaki, Nishikawa Joken, shi ya buga wasiƙar a littafinsa a 1720, aka yi ta karantawa zamani bayan zamani, har aka yi wa Oharu waƙa a 1939. Amma masana tarihi na yau sun fi karkata ga cewa Nishikawa ne ya tsara wasiƙar da alƙalaminsa. Abin da takardun Batavia suka nuna shi ne Oharu ta auri wani ma'aikacin kamfanin cinikin Holan, ta hayayyafa, ta yi dukiya har da bayi, ta rasu a 1697. Mace ce da ta yi cikakkiyar rayuwa, da kyawunta da muninta. Ƙasar da ta kore ta kuwa ta gwammace ta tuna da ita a matsayin yarinya mai kuka har abada.

Ku riƙe wannan, domin zai yi ta maimaita kansa. A 1904 mawaƙin Italiya Puccini ya fitar da Madama Butterfly, wasan kwaikwayon waƙa irin wanda Turawa ke kira opera. A Nagasaki labarin ya faru: wani hafsan sojan ruwan Amurka ya auri yarinya Bajapaniya, ya tafi ya bar ta da ciki, bayan shekara uku ya dawo da matarsa Ba'amurkiya don su karɓi ɗan. Uwar ta yi waƙa, uban ya yi waƙa, baiwar gidan ta yi, jakadan Amurka ya yi. Yaron da ake rigimar a kansa ba a rubuta masa ko baiti ɗaya ba. Sama da shekara 100 ke nan ana nuna wasan a duniya, yaron na tsaye a dandali, bakinsa a rufe.

'YA'YAN MAMAYA

Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu a watan Agustan 1945. Sojojin ƙawance ƙarƙashin Amurka suka mamaye ƙasar har zuwa Afrilun 1952, tsibirin Okinawa kuwa sai a 1972 aka mayar wa Japan. A waɗannan shekaru an haifi dubban yara tsakanin sojojin, farare da baƙaƙe, da matan Japan. Wasu ta hanyar aure ne ko soyayya, wasu ta hanyar fyaɗe, wasu kuma yunwa ce ta tura iyayensu mata. Hukumar mamaya na tace jaridu a lokacin, kuma batun yaran nan na cikin abin da ba ta so a tattauna. Su kuma jama'ar ƙasa, duk lokacin da suka kalli fuskar yaron, kayen da aka yi musu a yaƙi suke tunawa. Yaron bai san hawa ba bai san sauka ba, amma shi ya ɗauki kunyar ɓangarorin biyu.

A 1948 wata mata mai suna Sawada Miki, jikar Iwasaki Yataro wanda ya kafa kamfanin Mitsubishi, ta buɗe gidan marayu a garin Oiso don irin waɗannan yara. Ta sa wa gidan sunan Elizabeth Saunders, wata Baturiyar Ingila da kuɗin da ta bari suka zama gudummawar farko. Sawada ta ba da labarin cewa abin da ya zaburar da ita shi ne ranar da wani ƙunshi ya faɗo mata daga ma'ajiyar kaya a jirgin ƙasa, aka buɗe aka tarar da gawar jariri ɗan ruwa biyu. Yara kusan 2,000 ne suka bi ta wannan gida, da dama aka ba da riƙonsu ga iyalai a Amurka. A 1953, da rukunin farko na yaran suka isa shiga firamare, sai da aka yi muhawara a ƙasar kan ko a ware musu makarantunsu daban. Daga ƙarshe hukuma ta ce su shiga makarantun kowa da kowa.

Doka ma ba ta taimaka ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1950 ta bi jinin uba ne. Idan Bajapaniya ta auri baƙo, ɗanta ba ɗan Japan ba ne a idon hukuma, ko da a ɗakin kakarsa aka yanke masa cibiya. A Okinawa an sami yaran da ba su da ƙasa kwata-kwata, domin ita ma dokar Amurka tana da nata sharuɗɗa kafin uba ya gadar wa ɗan da aka haifa a waje ɗan-ƙasancinsa. Sai a ranar 1 ga Janairun 1985 gyaran doka ya fara aiki, aka yarda uwa ma za ta iya gadar da ƙasarta. Shekara biyar kacal ke nan kafin haihuwar Mitski.

Masu fasaha sun tausaya wa yaran. A 1959 darakta Imai Tadashi ya yi fim mai suna Kiku to Isamu, labarin yarinya da ƙanenta, 'ya'yan baƙin sojan Amurka, da kakarsu ke riƙo a ƙauye. Fim ne mai kyakkyawar niyya, kuma yara 'yan ruwa biyu na gaske aka sa suka fito. Duk da haka wasu ne suka rubuta abin da za su faɗa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Joe Yamanaka, wanda aka haifa a Yokohama a 1946, ɗan wani baƙar fata daga cikin sojojin mamaya. Ya zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin kiɗan rok a Japan, shi ne mawaƙin ƙungiyar Flower Travellin' Band da ta fitar da kundin Satori a 1971. A 1977 aka sa shi a fim ɗin Ningen no Shomei, inda ya fito a matsayin saurayin da ya taso daga New York zuwa Tokyo neman uwarsa. Tun a farkon fim ɗin aka soke shi da wuƙa. A ƙarshe aka gano uwar ce ta kashe shi, don kada asirin rayuwarta ta zamanin mamaya ya tonu, ta rasa matsayin da ta samu. Mutumin da ke da murya irin wannan, a labarin da ya fi kusa da nasa, gawa aka ba shi ya fito. Waƙar fim ɗin dai shi ya rera ta, ta kuma yi farin jini sosai.

SUNAYE HUƊU

Marubuci ya kamata ya lura da yadda suna ke sauyawa. Da farko ana ce musu ainoko, wato ɗan tsakani, kalmar da ake amfani da ita har ga dabbobin da aka yi wa barbara. Bayan yaƙi aka fi jin konketsuji, wato yaro mai gaurayen jini, kalmar da ta zo da warin talauci da sansanin soja. Wajen 1970 sai ga hafu, daga kalmar Ingilishi mai nufin rabi. A wannan zamani aka kafa ƙungiyar 'yan mata mawaƙa mai suna Golden Half, ta cika gidajen talabijin. Tattalin arzikin Japan ya bunƙasa, masu talla suka gano cewa fuskar mai rabin jinin Turawa na sayar da kaya. Wanda jiya ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, yau ga shi a bangon mujalla. Sai dai wannan farin jini ya fi shafar masu hasken fata, kuma yabon fuska ne, ba a tambayi mai fuskar me ke ransa ba. A shekarun 1990 wasu iyaye suka ce 'ya'yansu ba rabi ba ne, suka kawo daburu, wato ninki biyu. Kalmar ba ta kori hafu ba har yau.

A nan Hausa ta burge ni. Mu mun ce ruwa biyu, wato mun ƙirga abin da mutum ke da shi, ba mu ƙirga abin da ya rasa ba. Amma kada mu yi saurin yabon kanmu, domin mu ma muna da barbarar yanyawa, kuma duk wanda aka taɓa jifa da ita ya san zafinta.

A can Amurka ma ba a shimfiɗa musu tabarma ba. Jihohi da dama sun haramta auren farar fata da mutanen Asiya. Kotun California ta soke irin wannan doka a 1948, Kotun Ƙolin ƙasar kuwa sai a 1967 ta soke sauran. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya kai ga tsare mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasar Amurka ne, kuma gaurayen jini bai kuɓutar da mutum ba: a gidan marayun sansanin Manzanar akwai yara 'yan ruwa biyu. Sai a ƙidayar shekarar 2000 aka fara barin Ba'amurke ya zaɓi launin fata fiye da ɗaya a takardar ƙidaya, mutum kusan miliyan 6.8 suka yi hakan. Ita kuwa Japan ƙidayarta takardar ɗan ƙasa take dubawa, ba ta tambayar asali. Ɗan ruwa biyu a Amurka an daɗe ana tilasta masa ya zaɓi uwa ko uba, a Japan kuma ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

NA'URAR DA TA KAI SITUDIYO ƊAKIN KWANA

Me ya hana su ba da labarinsu da kansu? Wani ɓangare na amsar kuɗi ne. A da, naɗar kundin waƙoƙi sai da katafaren situdiyo da kamfanin da zai biya, kamfani kuwa abin da yake ganin zai sayu yake so. Mai biyan kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa.

Abubuwa biyu suka sassauta wannan ƙulli. Na farko ɗabi'a ce. A 1977 wata ƙungiyar samari a Manchester ta Ingila, Buzzcocks, ta ranci kuɗi wurin 'yan uwa da abokai ta buga ƙaramin faifanta da kanta, ya kuma sayu. Irin wannan yunƙuri ne ya haifar da abin da ake kira indi, wato mawaƙa da ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu. Na biyu na'ura ce, kuma abin sha'awa daga Japan ta fito. A 1979 kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio 144, wadda ke naɗar layin sauti huɗu daban-daban a kan kaset irin wanda muka sani. Mutum ɗaya zai kaɗa jita ya naɗa, ya dawo ya ɗora murya, ya sake dawowa ya ɗora wani abin, sannan ya haɗa su. A 1982 fitaccen mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya naɗi kundinsa Nebraska da irin wannan na'ura a ɗakin gidansa a New Jersey, aka fitar da shi a haka. Daga baya kwamfuta ta gaji kaset. A 2008 shafin Bandcamp ya fara aiki, inda mawaƙi ke ɗora waƙoƙinsa ya sa musu farashi da kansa, ba dillali tsakaninsa da mai saye.

Ƙofa ta buɗe, amma shekaru da yawa yawancin masu shiga samari ne farar fata, har ya zama in an ce kiɗan indi, hoton da ke zuwa wa mutum shi ne saurayin Bature da jita yana kukan budurwar da ta ƙi shi. Akwai 'yan ruwa biyu na Japan a fagen, kamar Miki Berenyi ta ƙungiyar Lush a Landan, wadda uwarta Bajapaniya ce ubanta ɗan Hungary. A wani fagen kuma, a 2005 Mike Shinoda na ƙungiyar Linkin Park ya yi waƙar Kenji kan sansanonin 1942, ya sa muryoyin mahaifinsa da gwaggonsa a ciki suna ba da labarin abin da suka gani. Tarihin dangi ne wannan. Abin da Mitski ta kawo ya fi shi shiga ƙuryar ɗaki.

YARINYAR DA BA TA DA GARI

An haife ta a ranar 27 ga Satumban 1990 a lardin Mie na Japan. Saboda aikin mahaifinta a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ta tashi tana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, ciki har da Malesiya, Sin, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Turkiyya. Kafin ta saba da wuri an tashi. Ta sha faɗa a hirarraki cewa ita rabin Bajapaniya ce rabin Ba'amurkiya, kuma ba ta jin ta cika ko ɗaya. Da ta isa shiga jami'a ta koma New York, ta fara karatun fim a Kwalejin Hunter, sannan ta sauya zuwa Kwalejin Purchase ta karanci tsara kiɗa.

Kundinta biyu na farko, Lush a 2012 da Retired from Sad, New Career in Business a 2013, ayyukan makaranta ne, kuma ita ta fitar da su da kanta a intanet. A na biyun ta yi amfani da ɗaliban makarantar masu yawa a matsayin makaɗanta, tunda ga su nan a kusa. Da ta gama karatu, duk wannan gata ya ƙare. Babu situdiyon makaranta, babu makaɗa, fiyano kuma ba ya shiga bayan mota. Sai ta rungumi jita. Kundi na uku, Bury Me at Makeout Creek, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Double Double Whammy ya fitar a Nuwamban 2014, an naɗi mafi yawansa ne a cikin gidaje, ita da Hyland da 'yan abokai. Sautinsa na da kaushi, kuma kaushin ya dace da abin da take faɗa. Rashin abin hannu ne ya zaɓar mata salo, ita kuma ta karɓe shi hannu bibbiyu.

A wannan kundi akwai waƙar First Love / Late Spring, wadda a tsakiyar amshinta ta saki layi ɗaya da harshen Japan, ba ta fassara ba, ba ta nemi afuwar kowa ba, ta ci gaba da Ingilishinta. Haka mai harshe biyu ke yi in abu ya kai masa maƙura: harshen da uwa ta yi masa rarrashi da shi ne ke fara fitowa.

Sannan sai Puberty 2, da waccan waƙa da muka fara da ita. Tana farawa a hankali, murya ƙasa-ƙasa, budurwar na auna tazarar da ke tsakaninta da saurayin, shi na da rayuwar da aka riga aka shimfiɗa masa, ita kuwa ta ga ba ta da gurbi a ciki. Ana isa amshi sai jitoci su ɓarke da ƙara mai ƙarfi, irin wadda ƙungiyoyin samarin Amurka farar fata suka yi suna da ita a shekarun 1990. Ta ari kiɗan gidan su saurayin ta faɗi dalilin da ya sa ba za ta iya zama 'yar gidan ba. Kuma a duk faɗin waƙar babu kalmar Japan, babu wariya, babu tarihi. Uwa biyu ne kawai da tarbiyya iri biyu. A farko budurwar ta goyi bayan tarbiyyar uwarta cikin ɗari-ɗari, daga baya ta tsaya a kai da ƙafa biyu. Duk tafiyar waƙar a wannan ɗan sauyi take. A bidiyon da Zia Anger ta shirya, saurayin ya juya ga wata budurwa farar fata, Mitski ta sumbaci hannunta, ta ɗauki jitarta, ta kaɗa, ta fice.

Dubi lokacin da abin ya faru. A Maris ɗin 2015 Ariana Miyamoto, haifaffiyar Sasebo a lardin Nagasaki, 'yar Ba'amurke baƙar fata, ta lashe gasar sarauniyar kyau da ke wakiltar Japan a duniya, aka yi ta cece-kuce a intanet kan cewa ba ta yi kama da Bajapaniya ba. Ta ce abin da ya sa ta shiga gasar shi ne wani abokinta ɗan ruwa biyu da ya kashe kansa. Lardin da aka kori su Oharu daga cikinsa, shi ne ya haifi wadda ta ɗauki tutar ƙasar bayan shekara 376. A 2021 Naomi Osaka, wadda mahaifinta ɗan Haiti ne, ita ta kunna wutar gasar Olamfik a Tokyo, Rui Hachimura kuma, ɗan wani mutumin Jamhuriyar Benin, yana cikin biyun da suka riƙe tutar Japan. Al'amura sun sauya, ko da yake muhawarar ba ta mutu ba.

Da waƙar Mitski ta fito, masu sharhi suka yi caa, suka ce ga wadda ta zo ta yaƙi mamayar farar fata a kiɗan indi. Sai ta fito a shafinta na Facebook ta yi gyara: ta ce ita waƙar soyayya ta rubuta, ta so mutum ne da gaske, ta kuma ga bambancin tasowarsu ya fi ƙarfin son. Ku duba da kyau. Abin da Nishikawa ya yi wa Oharu ne aka so a sake yi, a wannan karon cikin yabo: a ɗauki mace mai rai a mayar da ita alama. Bambancin shi ne wannan tana raye, alƙalamin kuma na hannunta. Daga baya ta yi nisa, har aka sa sunanta cikin 'yan takarar kyautar Oscar a 2023 kan wata waƙar fim da suka yi da David Byrne da ƙungiyar Son Lux. Har yau kuma Hyland ɗin nan da suka yi aiki a gidajen abokai shi ne ke naɗar kundayenta.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu ma mun san ɗanɗanon wannan hanya. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 ba su jira manyan kamfanonin ɗab'i ba, sun tara kuɗinsu sun kai wa masu injin bugu, suka kai kasuwa da kansu, aka yi musu laƙabin adabin kasuwar Kano cikin raini, ga shi yau ana nazarinsu a jami'o'i. Mu kuma wayar hannu ta sauƙaƙa mana fiye da haka. Sai dai sauƙin fitarwa bai taɓa zama madadin ƙwarewa ba. Mitski ta yi shekaru tana koyon tsara kiɗa, ta yi kundi uku, kafin ta iya faɗin abu mai nauyin shekara 400 cikin minti uku da rabi.

Abu na biyu shi ne inda ta sa kyamararta. Da yawanmu in za mu rubuta labari kan ƙabilanci ko auren bare, sai mu sa jarumi ya miƙe ya yi lacca kan haɗin kan ƙasa. Mai karatu ya san laccar tun kafin a fara. Abin da bai sani ba shi ne yadda amarya ke ji in uwar miji ta ɗanɗana miyarta ta ajiye cokali ba ta ce komai ba, ko yadda yaro ke ji in ya je garin su uwarsa ana kiransa da sunan ƙabilar ubansa, ya dawo gida ana kiransa da ta uwarsa. A irin wannan wuri tarihi ke shiga jikin mutum.

Na uku tambaya ce da nake so kowannenmu ya yi wa rubutunsa. A cikin labarin da kake rubutawa yanzu, wane ne yaron da ke tsaye a dandali ba ka ba shi baiti ba? 'Yar aikin gidan ce, ko almajirin da ke kai saƙo, ko matar da aka auro daga wani gari? In ka tausaya masa ka yi masa kukan da kake jin ya dace da shi, ka bi sawun Nishikawa. In kuwa labarin naka ne, kai ne ɗan ruwa biyun, kai ne wanda dangin uwa da na uba ke kallo a matsayin baƙo, to kada ka jira wani mai kyakkyawar niyya ya rubuta maka wasiƙarka. Bahaushe ya riga ya gama magana: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wanda ke da gyara ko ƙari, zauren a buɗe yake. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.